Ran Matashi Ya Daɗe

Ranka ya daɗe, matashin saƙa, mai gadon sarauta a saman kabad. Gaisuwa ta iske ka duk inda kake kwance, ko a wani gida a Bedford ta Ingila, ko a saman bene a Bruges ta Beljiyam, ko a ƙarƙashin gado a Le Puy ta Faransa, lulluɓe da shuɗin ƙyallenka kamar amaryar da aka kai ɗaki aka manta da sayen baki. Wani shekara goma sha biyar, wani ashirin, wani talatin, ba ka yi ƙorafi ba, ba ka aika a tuna wa uwar ɗakinka ba. Jaririn da aka fara ka don rigar baftismarsa ya yi gemu. Amaryar da aka ce da kai za a yi wa mayafinta baki ta aurar da 'yarta. Kai kuwa kana nan inda aka bar ka, allurai a soke, zare a rataye, inci huɗu na leshi a ƙirjinka kamar lambar girma. A haƙuri dai ba ka da na biyu.

Kafin yabo ya yi nisa, bari in gabatar da mai girma ga wanda bai san shi ba, domin sunan leshi kan ruɗi mutum a wajenmu. Leshin da matanmu ke saye a Kantin Kwari don fitar biki aikin inji ne, ado ne da na'ura ke tsirawa a kan yadi ta kuma huhhuda shi. Tun shekarun 1960 masana'antun garin Lustenau na Ostiriya ke yi wa kasuwar Najeriya irinsa, ga na St. Gallen ta Suwizalan, ga na Sin da ya cika rumfuna daga baya. Sunan kawai ya gada. Kakansa, wanda nake magana a kai, ba a kan wani yadi ake yin sa ba. Shi kansa ne yadin, da zare da sarari aka gina shi.

Mace za ta sami matashi mai tauri, a dā cushe da karan hatsi da aka danna har ya yi kamar dutse, yau kuma da wani soso mai ƙarfi. Ta manna masa kwali da aka zana ado a kai aka bi shi da huji-huji. Ta naɗa zare a 'yan sanduna masu tsawon yatsa ko fiye da haka kaɗan, kamar yadda masaƙi ke cika kwarkwaro, ta rataye su biyu-biyu. Motsi biyu ne kacal a sana'ar baki ɗaya: a gitta, a murɗa. Ko sanduna ɗari uku ne shimfiɗe a gabanta, huɗu take juyawa a lokaci guda, ta gitta, ta murɗa, ta soka allura mai kai a huji don ta riƙe abin da aka yi, ta matsa ga huɗu na gaba. Idan aka bi asali, kitso ne, sai dai kitson zare. Tun 1557 aka buga littafin zane-zanensa mai suna Le Pompe a Venice, a wajen 1561 kuma wata malamar saƙa ta fitar da nata a Zurich, ba ta sa sunanta ba sai harufa biyu, R.M. Shekara ɗari huɗu da hamsin ke nan da ɗoriya mata na kitsa zare a Turai. Kowa ya san ba macen da ke fita unguwa da rabin kai a kitse, rabi a tsefe. Kai kaɗai ne, ranka ya daɗe, ka yi shekara ashirin a haka, kuma har ana tinƙaho da kai.

Falalarka ta farko ita ce ba ka taɓa yin kuskure ba. Leshin da aka gama yana da aibi. A ɗaga shi a haske a ga inda hannu ya ja zare ya wuce kima, a ga kusurwar da ta karkace, a ga wurin da aka haɗa ƙarshe da farko ya yi tudu kamar tabon miki. Kai kuwa wa ya isa ya kushe ka? Abin da aka saƙa kaɗan ne, saura duk yana cikin zuciyar mai shi, kuma leshin zuci ba ya karkacewa. Duk baƙuwar da aka ɗaga wa ƙyalle ta leƙa sai ta riƙe baki ta ce, "Kai, in aka gama wannan ai sai gidan tarihi." Uwar ɗakinka ta yi murmushi ta mayar da lulluɓi. Ta karɓi ladan aikin tun ba ta yi shi ba, to me zai kai ta wahalar yi?

A yaba wa ranar haihuwarka ma, domin ba a yi maka rowa ba. Mai koyo ta gama 'yan siraran alamar shafi guda biyu a salon Torchon, wanda da shi ake fara koya wa kusan kowa, sai zuciya ta ce mata ta isa. Ta tsallake matakala goma ta sayo zanen Binche, salon Beljiyam ɗin nan da ƙwararru ma ke shiga da fargaba, mai zare kamar gashin jariri. Ko ta ɗauko baƙin silikin Chantilly mai faɗin gyale. Mako guda tana huda kwali, mako biyu tana naɗa zare a sanduna ɗari biyu. Ta ɗauki hoto ta nuna wa ƙawaye, aka yi ta sambarka. Ta saƙa gefe ɗaya cikin murna har ta iso kusurwa, inda zaren ke rabuwa gida-gida, inda dole a zauna a yi lissafi a warware a sake. A nan ne ta ce bari ta ɗan huta zuwa bayan Kirsimeti. Kirsimeti ashirin suka zo suka wuce, kana kallonsu ta ƙarƙashin ƙyalle.

Har suna suka raɗa maka, don su nuna irin matsayinka. Masu saƙa da ɗinki a ƙasashen da ake Turanci suna kiran irinka UFO. Asalin harufan nan uku sunan abin nan ne da wasu ke cewa sun gani yana shawagi a sama ba a san ko mene ne ba, su kuma suka juya su suka zama "abin da ba a gama ba". A tarukan da masu leshi ke yi, inda ake baje kolin zare da sanduna ana shan shayi, za ka ji wata ta ce nata guda bakwai ne, wata ta ce nata ya girmi ɗanta na fari, a tuntsire da dariya. Wadda ke da ɗaya tak sai ta ji kamar ba ta cika 'yar gida ba. Sannu ba ta hana zuwa, in ji su. Sun haddace rabin karin maganar, sun bar ragowar a kan matashi yadda suka saba: sai dai a daɗe ba a je ba.

Ka dubi bayin Allah na dā, ranka ya daɗe, waɗanda ba su waye ba. Su gamawa suke yi.

A garin Valenciennes na arewacin Faransa, a ƙarni na 18, mata na saƙa a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa, domin zaren lilin ɗin ya yi siranta ƙwarai, idan iska ta bushe sai ya tsinke, danshi yake so. Wata marubuciyar Ingila, Bury Palliser, da ta wallafa tarihin leshi a 1865, ta kawo cewa adon bakin hannun rigar namiji guda biyu kan ci wata goma, ana aikin awa goma sha biyar kowace rana, kuma da yawa daga cikin matan idonsu kan lalace tun suna da ƙuruciya. A ƙauyukan Bedfordshire da Buckinghamshire da Northamptonshire na Ingila, da dare mata kan kewaye kyandir guda ɗaya. Ana kafa shi a tsakiyar wata 'yar kujera mai tsawo, a jera kwalaben gilashi cike da ruwa kewaye da shi, kowace kwalba ta tattara hasken ta jefa ɗigonsa a kan matashin mace guda. Ba a son hayaƙin murhu don kada ya baƙanta zare, saboda haka da sanyi sai kowacce ta sa ɗan kaskon garwashi a ƙarƙashin zanenta. Idan ranar yanka ta zo, ranar da dillali ke karɓar kaya, sai a yanke abin da aka saƙa daga matashi a auna. Sau da yawa ma ba kuɗi ake ba su ba, sai a ce su ɗauki kaya a kantin dillalin a kan farashin da ya ga dama, zaren da za su ci gaba da aiki ma a wurinsa za su saya.

Akwai kuma abin da suke kira makarantun leshi, ɗakuna ne ƙuntatattu a gidajen ƙauye inda ake tara yara tun suna shekara biyar ko shida, wata tsohuwa na tsaye a kansu da bulala. Ana ƙidaya wa yarinya alluran da za ta soka kafin a sallame ta, yaran kuma suna rera 'yan waƙoƙin ƙidaya don hannu ya yi sauri, barci kuma kada ya sace su. Kwamitin da aka kafa a Ingila don binciken aikin yara a farkon shekarun 1860 ya shiga waɗannan ɗakuna ya ga abin da ya gani, Karl Marx ma ya kawo labarinsu a littafinsa na jari da ya fito a 1867. Sai da aka yi dokokin wuraren aiki da na ilimi a shekarun da suka biyo baya sannan makarantun suka mutu.

Kada wani ya ce ina kewar wannan zamani. Zalunci ne tsagwaronsa, kuma Allah ya raka taki gona. Ba na fatan wata yarinya ta sake zama a ɗaki mai duhu tana ƙidaya allura da kuka a maƙogwaro. Abin da ke ci mini rai shi ne, ilimin da ke kwance a ƙarƙashin ƙyallenka da idon waɗannan mata aka saye shi. Kowace dabara ta juya kusurwa, kowace hanya ta shigar da sabon zare ba tare da ƙulli ya nuna ba, wata ce ta gano ta a hasken kwalba, cikinta da yunwa. Suka miƙa shi hannu da hannu har ya iso zamanin wutar lantarki da tabarau da fansho, zamanin da ba dillali ba bulala. Sai waɗanda suka gada, da suka sami duk abin da waɗancan suka rasa, suka ga babu abin da ya dace da wannan gado illa a lulluɓe shi a ɗora a saman kabad. Madalla da magada.

Su kuwa na dā ba su san darajar jinkiri ba ko kaɗan. Da Sarauniya Biktoriya za ta yi aure, aka ba matan yankin Honiton aikin leshin rigarta. A ƙauyen Beer da ke bakin teku a Devon, wata mata mai suna Jane Bidney ta haɗa masu saƙa wajen 200, suka fara a watan Maris na 1839, suka gama a Nuwamba. Ranar 10 ga Fabrairu 1840 amarya ta shiga coci da shi. Wata tara kawai, abin kunya! Da sun nemi shawararka, da har yau ana jiran bikin. Biktoriya ta yi ta sake sa wannan leshi a manyan ranakun rayuwarta har ta tsufa, kuma da ta rasu a 1901 da mayafin aurenta aka rufe mata fuska aka binne ta. Shekara sittin yana yi wa mai shi hidima. Kai kuwa Allah ya tsare ka daga irin wannan wahala, ko wuyan mutum ba ka taɓa gani ba.

Mutanen Beljiyam sun fi kowa rashin sanin ya kamata. A yaƙin duniya na farko Jamus ta mamaye ƙasarsu, jiragen ruwan Ingila suka toshe teku, zare ya yanke, dubun dubatar mata da ke ci da saƙa suka zauna hannu rabbana. Hukumar agajin Beljiyam da Herbert Hoover ya jagoranta, wanda daga baya ya zama shugaban Amurka, ta sami izinin shigar da zare, bisa sharaɗin cewa nauyin zaren da ya shiga, nauyin leshin da zai fita ke nan, don kada ya faɗa hannun abokan gaba. Ka ji sharaɗi: duk zaren da aka naɗa sai an ba da lissafinsa a gamammen aiki. Matan suka zauna a garuruwan da soja ke sintiri, suka saƙa shimfiɗun tebur da adon matasai, suka sa zakin Beljiyam da zakaran Faransa da mikiyar Amurka a cikin zanen. Wasu daga cikin kayan suna gidan tarihin Smithsonian a Washington har gobe. Igwa na tashi, su suna gamawa. Da a ce za a zo gidan uwar ɗakinka da ma'auni a ce ta kawo lissafin zaren da ta saya cikin shekara talatin, da an ga wanda ya fi wayo.

Babbar jarumtakarka kuwa, ranka ya daɗe, ita ce ka yi abin da inji ya kasa. A 1809 John Heathcoat ya yi rajistar na'urar da ke kwaikwayon gittawa da murɗawar hannu tana fitar da raga. A 1813 John Levers ya kyautata irinta a Nottingham, daga baya aka koya mata fitar da furanni. A 1816 fusatattun ma'aikata suka fasa masana'antar Heathcoat a Loughborough suka farfasa na'urori, shi kuwa ya kwashe ya koma Tiverton, cikin Devon ɗin nan ta matan Honiton, ya ci gaba. Kafin ƙarnin ya ƙare inji ya karya kasuwar hannu, abin da mace ke yi a wata yana zubo shi kafin a sha ruwa. Duk da haka sana'ar ba ta mutu ba. A Idrija ta Sulobeniya an buɗe makarantar leshi a 1876, kuma ba ta rufe ba har yau, a 2018 UNESCO ta sa saƙar ƙasar cikin gadon al'adun duniya. A Bruges akwai cibiyar da ake koyarwa. A Ingila tsofaffin da suka rage suka koya wa sabbin hannu, aka kafa ƙungiyar masu leshi a 1976, aka kafa ta ƙasa da ƙasa a 1982. Inji ya ƙwace kasuwa, bai iya ƙwace yatsu ba, domin maƙiyi ne na fili, ana ganinsa ana ja da shi. Kai kuwa ɗan gida ne. Da sunan ƙauna ka shigo. Ba ka fasa ƙofar kowa ba, ka dai zauna shiru a kan kabad, yatsun suka manta da kansu.

Mutane na zaton ba ka komai a can sama. Ƙarya suke yi maka, aiki kake dare da rana. Alluran tagulla da aka bari a soke suna shan danshi suna fitar da kore, koren yana bin zaren yana rina shi inda wanki ba zai fitar ba. Idan na ƙarfe ne, tsatsa ce ke ci, ta bar ɗigo ja a kowane huji. Farin zaren da ke fili yana komawa ruwan ƙasa, wanda ke naɗe a sanda yana nan da sauran haskensa, don haka ko an dawo an ci gaba, layi zai fito a tsakiya yana nuna ranar da aka tsaya. Zaren yana bushewa yana rauni, a taɓa sanda ya tsinke. A je kanti neman irinsa a tarar kamfanin ya daina yin wannan lamba tun tuni. Takardar da malama ta zana hanyar da kowane zare zai bi ta ɓace a ƙaurar gida, malamar kanta ta riga mu gidan gaskiya. Hannu ma ya sauya, domin jan zaren mace mai shekara arba'in daban yake da nata tana da sittin, ido kuma ya fara neman allura yana rasa huji. Duk shekarar da aka ce "sai na sami lokaci", kai kana ƙara wa ƙofar komawa sakata ɗaya. Wannan ai ƙwazo ne, kuma ya kamata a faɗa.

Ga albarkar haihuwa. Sanduna ɗari biyu suna ɗaure a jikinka, ba za a kwance su ba, tunda kwancewa amincewa ce da cewa an fasa, kuma ba a fasa ba, hutu ake yi. To ga sabon zane ya fito a mujalla, mai kyau, ga zuciya ta motsa. Sai a sayo sabon matashi da sabbin sanduna. Shi ma ya kai kusurwarsa, a lulluɓe shi a ajiye kusa da kai. Haka zuriyarka ke yaɗuwa, daga kabad zuwa ƙarƙashin gado, daga nan zuwa rufin ɗaki. Masu sassaƙa sanduna da masu sayar da zare suna yi maka addu'a, kuma suna da gaskiya, kai ne kasuwarsu.

Abin da ya fi ƙona mini rai a sha'aninka shi ne ilimin da kake tarewa. Farawa kowa ya iya, a darasin farko ake koyon ta. Wuyar leshi tana ƙarshe. Idan bakin hankici ne, sai an zagayo an dawo inda aka fara, a ɗauki ɗan ƙugiya siriri a jawo kowane zare ta cikin madaukin farko, ɗaya bayan ɗaya, a ɗaure, a ɓoye bakin, yadda mai dubawa zai juya hankicin sau uku bai gano mahaɗa ba. Sai an san lokacin da za a zare allurai, da yadda za a ɗaga aikin daga kwali bai miƙe ba, da yadda za a ɗinka shi a jikin yadi. Waɗannan ba a iya su da karatu, sai an yi an ɓata an sake. Wadda ta fara ashirin ta gama biyu, sau biyu ke nan ta taɓa yin wannan a rayuwarta. Idan jikarta ta zo ta ce, "Kaka, nuna mini yadda ake rufewa," me za ta nuna mata? Za ta koya mata farawa, yarinyar ta tashi ita ma gwanar farawa. Nan da zuriya biyu za a sami ƙasa cike da matasai, babu mai iya cire leshi daga kansu.

Ba da kowa nake ba, kuma ina so a ji wannan da kyau. Akwai wadda ciwon gaɓoɓi ya murɗe wa yatsu tana tsakar aiki. Akwai wadda ido ya yi wa sallama. Akwai wadda take saƙa wa 'yarta mayafin aure, 'yar ta rasu kafin ranar, ta lulluɓe matashin ba ta iya sake kallonsa ba. Waɗannan matasai ba sa cikin fadarka, ranka ya daɗe, kuma duk mai imani in ya gan su sai ya yi shiru. Da mai lafiya nake, mai ido, mai lokacin zuwa taro ta ƙidaya nata tana dariya. Leshi ɗaya ne na yarda ya daɗe ba a gama ba ba tare da ciwo ko rashi ba, shi ne na yarinyar nan da Vermeer ya zana a wajen 1670, ɗan ƙaramin hoton da ke rataye a Louvre ta Paris. Shekara ɗari uku da hamsin tana sunkuye a kan matashinta ba ta ƙara ko huji ɗaya ba. Amma ka dubi hannunta: sanduna na tsakanin yatsu, ido na kan zare. Ita fenti ne ya riƙe ta. Uwar ɗakinka me ya riƙe ta?

Can a Galle ta Siri Lanka, inda Turawan Fotugal suka kai sana'ar har sunan sandar ya zauna a harshen mutanen wurin, da Ceará a arewa maso gabashin Burazil, inda mata ke soka ƙayar wani murtsunguwa a madadin allura, ba su san ka ba. Ba ka da masarauta a can. Matashi ɗaya mace take da shi, sai ta sauke abin da ke kai kafin ta ɗora wani, kuma sai ta sauke tukunya ke hawa wuta. Talauci ya hana su wayewa, ba su kai matsayin da za su tara guda bakwai su yi dariya ba.

Saura ranar naɗinka na ƙarshe, wadda duk haƙurin nan dominta ake yi. Uwar ɗakinka ta cika, an yi jana'iza, 'ya'ya sun zo kwashe gida kafin a sa shi kasuwa. Wani ya hau kujera ya sauko da kai, ya hura ƙura, ya ɗaga ƙyalle. Ba wanda ya san sunan salon, ba wanda ya san wa aka yi niyyar ba. Amma wata a cikinsu ta taɓa jin cewa sandunan suna da kuɗi, kuma gaskiya ne. Tsofaffin sandunan tsakiyar Ingila na ƙashi ne ko itace, da zoben duwatsun gilashi a gindi don su yi nauyi kada su gangara. A jikin wasu an rubuta sunan yaro da shekarar haihuwarsa, a wasu saƙon saurayi ga budurwa, a wasu ma sunan wanda aka rataye, kamar na Joseph Castle da aka kashe a Bedford a 1860 saboda kisan matarsa. Masu tara kayan tarihi suna rububinsu. Wasu daga cikin waɗanda ke rataye a jikinka tun daga kakar kaka suka gangaro, sun yi aiki a hasken kwalba, sun ga ranar yanka sau ɗaruruwa, gefensu ya yi santsi saboda gogar yatsu.

Sai a ɗauko almakashi. Aikin da aka yi mako biyu ana naɗawa, minti biyar ya ishe shi. Sanduna su zube a kan tebur, a ɗaure su goma-goma da roba, a ɗauki hoto a sa a intanet, a yi gwanjo. Wanda ya saya zai jera su a akwatin gilashi ya rataye a bango, inda ba za su sake jin nauyin zare ba. Allurai a zare su a zuba a gwangwani. Inci huɗun nan, da koren tagulla a gefe da bakunan zare ɗari biyu suna reto, ɗiyar za ta ɗaga shi a haske ta ce, "Mama kam ta iya abu." Ta juya shi, ta rasa inda za ta sa shi, domin ba hankici ba ne, ba wuyan riga ba ne, ba shi da ƙarshen da za a kama a ɗinka. Ta tsaya jim da shi a hannu, sannan ta saka shi a baƙar ledar da ke bakin ƙofa, tare da kai, ranka ya daɗe.